Shinkafa Biyu a Bakin Iyakar Lolo

Makalar wannan mako a kan shinkafa take, amma za ta kai mu nesa, har Indonesiya da Bangladesh, kafin mu dawo fadamarmu.

Duk wanda ya san Lolo ya san shinkafa iri biyu ke haɗuwa a wannan yanki. Akwai wadda muke nomawa a fadamar Kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara. Akwai kuma wadda aka noma a Indiya ko Tailan, aka turara ta, aka cashe, aka ɗura a buhu, ta yi makonni a jirgin ruwa kafin ta sauka Kwatano, sannan ta yi tafiyar fiye da kilomita 700 a mota zuwa Malanbil, daga nan ta ratso iyaka ta hanyoyin da kowa ya sani. Kowane zango sai an biya wani. Duk da haka, shekara da shekaru tana isowa kasuwa da farashin da ke karya wadda aka noma a bayan gari. Mun saba ɗora laifin a kan 'yan fasa-ƙwauri da jami'an kan iyaka, kuma suna da nasu kason. Sai dai ɗan fasa-ƙwauri ba ya ƙirƙiro araha, tarar da ita yake yi. Tambayar da ta dace ita ce, me waɗancan ƙasashe suka yi wa manominsu har shinkafarsa ta iya wannan doguwar tafiya ta kuma ci riba?

Mu fara da tuna cewa shinkafa ba baƙuwa ba ce a wannan kogi. Jar shinkafar nan ta gargajiya jinsi ce ta daban da ta Asiya, kuma a kwarin Neja, can wajen ƙasar Mali ta yau, aka fara nomanta kimanin shekaru 3000 da suka wuce. Wasu irinta kan bi ruwa: yana ƙaruwa suna ƙara tsawo. Iyakar ce sabuwa. A yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka ja layin da ya bar Illo a hannun Ingilishi, ya raba Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan da ke cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Madekali da Lolo maƙwabta ne tun kafin a san fasfo.

To, ƙasar da ta fi kama da mu a farkon labarin ita ce Indonesiya. Ita ma mai arzikin man fetur ce, ita ma soja ke mulkinta, cin hanci kuwa ba a magana. A ƙarshen shekarun 1970 babu ƙasar da ta kai ta sayen shinkafa daga waje a duniya. Amma a 1984 ta ciyar da kanta, har hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gayyaci shugabanta Suharto birnin Rum a 1985 ta yaba masa. A daidai waɗannan shekaru mu kuma muna ta taken ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, alhali jiragen shinkafa na layi a Legas, har sai da aka kafa kwamitin shugaban ƙasa na musamman don shigo da ita.

Bambancin yana wurin da kuɗin mai ya sauka. Indonesiya ta zuba nata a ƙauye. Ta gyara tsofaffin magudanan ban ruwa, ta yi hanyoyin karkara, ta saukar da farashin takin zamani, ta gina makarantun firamare sama da 60,000 tsakanin 1973 da 1978. Ta karɓi sabbin iri masu gajeren kara daga cibiyar binciken shinkafa da aka kafa a Filifin a 1960, wadda ta fitar da shahararren irin nan IR8 a 1966. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hukumar BULOG da aka kafa a 1967. Aikinta shi ne kafin a yi shuka gwamnati ta faɗi farashin da shanshera ba za ta faɗi ƙasa da shi ba. In kaka ta yi, kasuwa ta karye, hukumar ta saya ta adana. In abinci ya yi tsada a birni, ta fitar ta sayar. Manomi mai rabin kadada ya san tun ranar da ya zuba taki cewa ba zai yi asarar uwar kuɗi ba don kawai kowa ya samu albarka a shekara ɗaya. Talauci a ƙidayar gwamnatinsu ya sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari a 1976 zuwa kusan 11 a 1996. Ba muna wanke Suharto ba ne. Mulkinsa da jinin dubban ɗaruruwan mutane ya fara. Amma ya ji tsoron yunwar ƙauye, kuma wannan tsoro ya amfani manomi.

Mu namu kuɗin man a manyan madatsun ruwa ya tafi. Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an kammala shi a 1978 lokacin duk muna Jihar Sakkwato ɗaya. Kamfanin Italiya ya gina shi, an kwashe manoma daga gonakinsu, diyya ta yi ta jan ƙafa, wasu suka yi shekaru ba su yi shuka ba. Da suka tare hanya suna neman haƙƙinsu, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin suna lissafin ɗaruruwa. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, shinkafar gargajiya da kamun kifi suka ja baya. An yi aikin don manomi, amma ba a tambaye shi ba, kuma shi ya biya. Kafin wannan, Kainji a 1968 ya tashi mutum sama da 40,000 daga Bussa zuwa Yawuri.

A Taiwan ta wata ƙofa aka shiga, wato ƙasa. A 1949 aka kafa doka cewa mai gona ba zai karɓi fiye da kashi 37.5 cikin ɗari na amfani daga hannun ɗan haya ba. A 1953 aka saye gonakin manyan masu ƙasa aka sayar wa waɗanda ke noma su, su biya a hankali cikin shekara goma. Japan da Koriya ta Kudu sun yi makamancin haka. Biyetnam ma, da ta daina tilasta noman gandun gwamnati ta miƙa wa iyalai gonaki a 1988, shekara ɗaya tak bayan haka ta fitar da shinkafa sama da tan miliyan 1 zuwa waje. Mu ba mu da irin manyan masu ƙasar Asiya, gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa karɓar aron fadama ko haya ya san ba ka kashe kuɗi ka daidaita filin da za a iya karɓewa baɗi. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, yawancin masu fadama ba su da takarda ko ɗaya. A gefe guda, irin da ya fi yawa a gonakinmu na rani, FARO 44 da ake kira Sipi, asalinsa daga Taiwan ɗin ne. Mun karɓo irin, tsarin da ya raine shi muka baro a can.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne Bangladesh, don ita ce fadama kamar tamu, sai dai an faɗaɗa ta ta zama ƙasa. Girmanta bai wuce ninki huɗu na Jihar Kebbi ba, amma mutum kusan miliyan 170 ke cikinta. Ta samu 'yanci a 1971 bayan yaƙi, a 1974 ta yi yunwar da ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. A lokacin shinkafar da take nomawa ba ta wuce tan miliyan 10 da ɗoriya ba. Yau ta haura miliyan 35, kuma fiye da rabi noman rani ne, wanda suke kira boro.

Yadda abin ya faru ya isa a yi nazari. Da farko hukumar gwamnati ce ke riƙe da ban ruwa: ita ke shigo da injina, ita ke faɗin irin injin da aka yarda da shi, ita ke faɗin inda za a haƙa rijiya. Manyan rijiyoyi masu zurfi ake yi, sai su faɗa hannun masu faɗa a ji na ƙauye, in inji ya lalace a jira ma'aikaci daga birni. Bayan babbar ambaliyar 1988 gwamnati ta saki hannu. Ta cire haraji da ƙa'idojin shigo da ƙananan injinan dizal, ta daina tsara inda za a haƙa. Nan da nan injina masu araha daga ƙasar Sin suka cika kasuwa. Ba su kai na Japan ƙarko ba, amma ƙaramin manomi na iya saye, makanikin ƙauye na iya gyarawa. Wanda ya sayi inji sai ya riƙa sayar wa maƙwabtansa ruwa, galibi a biya shi da kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona bayan girbi. Ka ga ke nan ko wanda ba shi da kuɗin inji ya samu shiga noman rani, kuma mai injin ba zai bar shukar ta bushe ba tunda rabonsa na ciki. Injin nan guda, in rani ya wuce, shi ake ɗaura wa kwalekwale, shi ke juya injin casa.

Wannan labari bai kamata ya zame mana baƙo ba, domin abin da ya fi kowane shiri canza fadamar Kebbi shi ne 'yar rijiyar tiyo da ƙaramin injin ban ruwa, waɗanda suka yaɗu tun zamanin ayyukan raya noma na shekarun 1980 da shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon 1990. Ruwa yana kusa, mita kaɗan ka same shi. Ba madatsa, ba tashin gari, ba jiran ma'aikaci ya buɗe ƙofar ruwa. Duk shinkafar rani da ake alfahari da ita daga Argungu zuwa Suru zuwa Bagudo a kan wannan inji take tsaye. Rauninsa ɗaya ne, fetur yake sha. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka har ya fi ƙarfin da yawa, wasu suka rage fili, wasu suka koma gas ko hasken rana in suna da hali. Mai hali ya tsira, marar hali ya koma ƙwadago a gonar wani.

Sai kuma babban shirin da ya sa sunan Kebbi a bakin kowa. Ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Tsarin a takarda mai kyau ne: a ba ƙaramin manomi iri da taki da inji bashi, ya biya da shanshera ta hannun kamfanin casa. Kuma an ga canji, kada mu yi butulci. Noman rani ya bunƙasa, matasa sun koma gona, shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a Disamban 2016, aka buɗe babban injin WACOT a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi. Amma zuwa farkon 2023 Babban Bankin da kansa ya ce ya raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa, kuma kusan rabin abin da ya kamata a biya bai dawo ba. Manoman bogi sun shiga, kayan aiki kan zo bayan lokacin shuka ya wuce, jama'a da dama sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Da shugabancin bankin ya canza, shirin ya tsaya.

Abin mamaki, Indonesiya ta faɗa wannan rami tun kafin mu. Shirinta na bashin noma mai suna BIMAS haka ya ƙare, manoma suka daina biya, rassan bankin gwamnati na ƙauye suka koma cin asara. Amma ba ta rufe rassan ta tafi ba. A 1984 ta juya su suka zama ƙananan bankuna masu tsayawa da ƙafarsu: suna karɓar ajiyar mutanen ƙauye, suna ba da bashi ga duk mai sana'a da ruwan da zai riƙe reshen, wanda ya biya a kan lokaci a sassauta masa. Cikin 'yan shekaru ajiyar ƙauyawa ta fi bashin da ake ba su yawa. Da ruwan ciki suka ja na rijiya. Mu da namu ya mutu, manomi ya koma inda ya fito, wurin ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗin taki yau ya karɓi buhu a kaka da farashin da shi ya yanka.

Rufe iyaka kuwa mu muka ɗanɗana shi fiye da masu yanke hukunci a Abuja. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 aka garƙame iyakokin ƙasa, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manomin Lolo da aka ce don shi ake yi, shi ne ya rasa fetur ɗin ban ruwa a kusa. Akwai hujja a bayan matakin: Jamhuriyar Benin, ƙasa ƙarama, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma turararriya ce wadda 'yan Najeriya suka fi ci. Kowa ya san inda take dosa. Amma katanga ba ta rage kuɗin noma. Buhu mai kilo 50 da ake saye wajen naira 10,000 a 2015 ya haura 80,000 a 2024. Da tsadar ta yi tsada, a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci har da shinkafa na kwana 150, farashin shanshera ya karyo a kan wanda ya sayi taki da mai da tsada. An ɗaga manomi sama, an sake shi ba tabarma a ƙasa. Tabarmar nan ita ce aikin BULOG.

Kada kuma a ɗauka duk abin da Asiya ta yi abin koyi ne. Tailan a 2011 ta yi alkawarin sayen shanshera da farashin da ya zarce na kasuwa nesa, don neman ƙuri'a. Shinkafa ta taru a rumbuna tana ruɓewa, Indiya ta ƙwace mata kambun fitarwa, Firaminista Yingluck ta ƙare da gudun hijira. A Punjab ta Indiya wutar lantarki kyauta ta sa aka yi ta zuƙar ruwan ƙasa har rijiyoyi na ƙara zurfi kowace shekara. Indonesiya ta yi ta rabon maganin feshi da araha, ashe yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse kara ya yi annoba. A 1986 dole ta haramta magunguna 57 a gonar shinkafa, ta koma koyar da manoma a cikin gona yadda za su bambance ƙwaro aboki da maƙiyi. Wanda ya ga yadda ake feshi a fadamarmu yau, yaro ba takalmi ba abin rufe hanci, ruwan kuma ya gangara inda Sarkawa ke jefa taru, ya san wannan darasi namu ne.

Akwai mutum biyu da lissafin tan-tan ba ya gani. Ta farko ita ce mace mai gumi. A garuruwanmu mata ke sayen shanshera, su jiƙa, su turara, su shanya, su kai inji, da ribar suke aurar da 'ya'ya. Idan manyan injina suka kwashe shanshera tun daga bakin gona, jarinta ba ya iya takara. A Bangladesh haka ya faru, injina suka raba matan karkara da sana'ar surfe. Shi ya sa bankin Grameen na Muhammad Yunus, a farkonsa, kaso mai yawa na bashinsa ga mata masu casar shinkafa ya tafi. Na biyu shi ne makiyayi. Fadamar da muke murnar ta koma kore da rani ita ce inda shanu ke cin burgu su sha ruwa tun kaka da kakanni. Kowace sabuwar gona da ta toshe burtali ko mashaya rigima ce aka shuka, kuma a wannan yanki da 'yan bindiga suka fara leƙowa, ba mu da sararin ƙara wata gaba.

Sai maganar ruwa. A damunar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu faɗin gaske a Kebbi, Bagudo na cikin inda abin ya yi muni, kuma bashi bai nutse tare da shukar ba. A Odisha ta Indiya manoma sun daɗe da wani tsohon iri marar yawan amfani amma mai jure nutsewa. Masu bincike suka gano ƙwayar halittar da ke ba shi wannan juriya, suka sa ta cikin irin da manoma suka riga suka saba da shi, aka fitar da Swarna-Sub1 a 2009. Yakan yi har mako biyu a ƙarƙashin ruwa ya farfaɗo. Da aka bi sawu, sai aka ga waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne mafi ƙasƙanci a tsarin zaman ƙauyen, domin su ne tun asali aka tura wa gonakin kwari inda ruwa ke kwanciya. Najeriya ta fitar da nata irin masu wannan juriya, FARO 66 da FARO 67, a 2017, shekara uku kafin waccan ambaliya. Ku tambayi manoma goma a kasuwar Lolo ko ta Tsamiya, ku ji nawa ne suka taɓa riƙe shi a hannu.

Ko shi ma iyakarsa mako biyu. Kwara in ya cika yakan kwana wata a gona, ga kuma ruwa na biyu da ke isowa daga tsaunukan Gini da sanyin hunturu, ga madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a sama wadda za ta sauya lokacinsa in an gama. A irin wannan wuri mai zurfi har yanzu babu abin da ya kai jar shinkafar kakanninmu mai bin ruwa, kuma irinta a hannun tsofaffin manoma kaɗan ya rage, a cikin tukwane da tsofaffin buhuna.